Ranar da Na Rufe Ciniki Na Kai Iyalina Kallon Furanni

Daga Mai Wurno nake rubuto muku, a gaɓar Bahar Azrak, kudu kaɗan da Sinnar.

A makon jiya wani mai karanta mu, wanda ke sana'ar tsofaffin motoci a Jamus, ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Ya kai matarsa da 'ya'yansa wani tsibiri mai suna Mainau, a cikin babban tafkin nan da ke tsakanin Jamus da Suwizalan da Ostiriya. Tsibirin bai wuce kadada 45 ba, amma duk shekara mutane sama da miliyan suke biyan kuɗi su shiga, ba don komai ba sai kallon furanni. A ƙasan hotunan ya rubuta: “Alhaji, ku a can kuna da irin wannan kuwa?”

Na fara buga masa amsa cewa mu yanzu ta abinci da magani muke yi, ba ta fure ba. Sai na goge. Domin na tuna ni ma na taɓa zuwa irin wannan wuri, kuma abin da na samo a can ya fi ƙarfin a ce wasa ne. Shi zan ba ku labari yau.

Sama da shekara ashirin na yi ina kai kaya Aswan ta ƙasar Masar. Zoɓo, riɗi, gyaɗa, 'ya'yan kankana, wani lokaci da ƙaro. A da sai mu shiga jirgin ruwa a Wadi Halfa, mu kwana a kan tafkin da Babbar Madatsa ta tara, wanda Misirawa ke kira tafkin Nasir, mu kuma ɓangarenmu muke ce masa tafkin Nuba. Daga baya aka buɗe hanyar mota. A duk tsawon shekarun nan abin da na sani a Aswan bai wuce huɗu ba: tasha, sito, masallaci da teburin mai canji. In na bi ta bakin ruwa nakan hango wani tsibiri kore shar, can bayan tsibirin Elefantin, gab da tudun rairayin da ke gaɓar yamma. Ban taɓa tambayar sunansa ba. A ganina wurin Turawa ne masu gajeren wando da kyamara.

Sai yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Lokacin ina da sito a Umdurman, uwargida da autarmu suna tare da ni saboda ganin likita. Siton ya tafi da abin da ke cikinsa, Allah Ya mayar da alheri. Da yake uwargida ba ta iya rabuwa da magani, kuma ina da abokan ciniki a Aswan, sai muka yi arewa maimakon mu dawo gida. Muka kama ɗaki biyu a wata unguwa a bayan tashar jirgin ƙasa. Na ce musu wata ɗaya ne, in ya yi yawa biyu.

Wata ɗaya ya zama takwas. A duk wannan lokaci uwargida ba ta kwance akwatinta ba. In za ta ɗauki zane sai ta zuge, ta ciro, ta mayar ta rufe. Ko ƙusa ba ta yarda a kafa a bango ba. Ni kuma na koma dillanci, fita tun asuba, dawowa bayan isha, waya a kunne ina bin labarin gida. Autar tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Yarinyar da a gida sai an ce mata ta yi shiru, sai ga ta ta wuni ba ta ce uffan ba. In yaran unguwa suka fasa abin wasan wuta, sai ta shige ƙarƙashin gado. Na gani, amma na ce a raina in mun koma gida za ta warware.

A watan Disamba Madani ta faɗi. Dangin uwargida suna wani ƙauye kusa da Barakat, kwana da kwanaki babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Ranar da aka samu labarin sun tsira sun nufi Gadarif, da daddare ta dube ni ta ce, “Alhaji, komawar nan ba yanzu ba ce. Ka daina yaudarar kanka, ka daina yaudararmu. Yarinyar nan wata takwas ba ta ga komai ba sai bango huɗu. In ba za ka kai ta gida ba, ka kai ta inda za ta ga ganye.”

Wallahi maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Washegari akwai wata motar zoɓo da nake jira. Na kira abokina na ce ya tsaya mini, na kashe waya, muka nufi bakin ruwa.

Bari in bayyana muku wurin, don masu bi ta Aswan. Larabawa suna ce masa Jaziratun Nabatat, wato tsibirin tsirrai. Ba a cikin tafkin yake ba, a tsakiyar kogin Nilu yake, arewa da madatsun biyu. Ƙarami ne, wajen fadan 17, dogo siriri kamar kwalekwale, duk tsawonsa bai kai kilomita guda ba. Babu gada, sai ta ruwa. Ko dai ka hau jirgi mai inji, ko ka hau faluka, wato kwalekwalen nan mai babban farin ƙyalle da iska ke turawa. Autar ta nuna faluka da yatsa, ita muka hau.

Mai falukar dattijo ne, ɗan Nuba, dangin mutanen Halfa. Da ya ji harshenmu ya gane daga Sudan muke, sai hira ta ɓarke. Ya ce su ma ai 'yan gudun hijira ne, sai dai su ruwa ne ya kore su, ba bindiga ba. Lokacin da ake gina Babbar Madatsa, wajen 1964, aka kwashe iyayensa aka kai su yankin Kom Ombo, kamar yadda aka kwashe mutanen tsohuwar Halfa aka kai su Khashmul Girba. Ya ce mahaifinsa har ya rasu bai cika zancen gidan da ruwa ya cinye ba, zancen itatuwan dabinonsa yake yi, yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'ya.

Muna gab da isa sai ya ce, “Ka san ana kuma ce masa tsibirin Kitchener?”

Na ce, “Wane Kitchener?”

Ya ce, “Naku mana. Na Karari.”

'Yan uwa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Duk wanda ya tashi a Sudan ya san wannan suna. Shi ne ya jagoranci rundunar Ingila da Masar da ta karya Halifa Abdullahi a Karari, kusa da Umdurman, ranar 2 ga Satumban 1898, inda aka kashe Ansaru sama da dubu goma a safiya ɗaya. Shi ne ya sa aka rusa hubbaren Mahadi. Tsibirin nan a hannunsa yake a wancan zamani, kuma shi ya fara tara tsirrai a cikinsa daga Indiya da gabashin Asiya da sassan Afirka. Mu kuma namu ciwon biyu ne. Shekara biyar bayan Karari, 'yan uwansa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a Shaikh Talha, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa garin da nake zaune a ciki yanzu. Kakana yana cikin yaran da aka goyo a wannan tafiya.

Na ce wa mai faluka ya juya. Na ce ba zan biya kuɗina in shiga lambun wannan mutum ba.

Uwargida ta ce, “Alhaji, shi yana ciki ne?”

Na ce a'a, ai ya mutu tun 1916, jirginsa ya nutse a teku, ko kabari ba shi da shi.

Ta ce, “To 'ya'yansa ne ke karɓar kuɗin ƙofa?”

Mai faluka ya yi dariya ya ce ai bai bar ɗa ba, kuma wurin ya daɗe da komawa hannun gwamnatin Masar, na kowa ne.

Ta ce, “Ka ji. Hisabinsa yana wurin Allah. Itacen bai kashe kowa ba. Mu sauka.”

Muka sauka. Ban ce na yafe wa Kitchener ba, kuma har gobe ban yafe ba. Amma na shiga.

Abin da ya fara tarar mu hanya ce miƙaƙƙiya, hagu da dama wasu dogayen itatuwa dangin dabino, jikinsu fari sumul kamar an shafe da siminti. Sanyi ya buso, irin wanda muka manta da shi. Balbelu cike da rassa, kyanwoyi suna bin mutane suna neman abin taɓawa. Furanni ja da rawaya da fari, ga wannan mai yaɗon da ke hawa katanga, wanda a Sudan muke ce wa jahannamiya. Uwargida ta ce ita dai ba ta taɓa gane wanda ya dubi abu mai kyau haka ya raɗa masa sunan wuta ba. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi raha tun barinmu Umdurman. Kuma ba Turawa ne suka fi yawa ba. Misirawa ne da iyalansu, sun shimfiɗa tabarma, ga 'yan makaranta, ga ango da amarya ana ɗaukar su hoto.

Itatuwa da yawa an kafa musu ɗan allo mai ɗauke da suna da asalinsu. Autar ta fara bin allunan tana karantawa a hankali, leɓe kawai ke motsi. Can sai murya ta fara fita. Wannan daga Indiya. Wannan daga Amurka ta Kudu. Wannan daga can gabas. Muna biye da ita, ni da uwarta, ba mu ce komai ba don kada mu katse ta. Sai ta tsaya ta juyo ta ce, “Baba, ashe duk baƙi ne. Babu ɗan gari.”

Na ce akwai mana, ga dabino, ga goriba. Ta ce, “To amma baƙin sun fi yawa, kuma sun fi tsawo.”

Daga nan muka iso gindin wata tsohuwar tsamiya. Ba sai an karanta mana allo ba, ko a mafarki mun san ganyenta. Misirawa suna ce mata tamar hindi, wato dabinon Indiya. 'Yan Sudan suna ce mata aradeb. Mu muna ce mata tsamiya. Autar ta ce, “Wane ne sunanta na gaskiya?” Na ce duka. Na ce ai mu ma haka muke: a Sudan a ce mana Fallata, a Makka a ce mana Takari, in mun je Kano a ce ga 'yan Sudan sun zo. Amma kunun da za a dama da ita ɗaya ne. Masana ma sun ce asalinta 'yar Afirka ce, sunan Indiya liƙa mata aka yi. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Na juya baya kamar ina kallon kogi, don kada su ga idona.

A gindin tsamiyar nan na zauna na yi wani tunani da ban taɓa yi ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta yi sama da shekara hamsin a Mai Wurno, amma har ta rasu tana da wani ƙunshi a ƙarƙashin gado, na tafiya Makka. In aka tambaye ta sai ta ce mu a kan hanya muke. Haka dubban mutanenmu suka zauna a ƙauyukan Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka fara noman auduga. Su suka yi cirar auduga, suka yi yashen magudanan ruwa a gonakin da suka haura fadan miliyan biyu, a wajen Hasahisa da Managil da Madani. Da yawansu a kambo suka rayu, a filin da ba nasu ba, kullum da niyyar in an tara guzuri a wuce. Mai irin wannan niyya dawa yake shukawa, da kuɓewa, abin da zai girbe cikin wata uku. Ba ya dasa abin da sai bayan shekara bakwai zai yi 'ya'ya. Niyyarsu mai kyau ce, Allah Ya ba su ladanta. Amma 'ya'ya sun girma, jikoki sun girma, a tsakar gidajen da babu inuwa.

Sai na ga ashe akwatin uwargida ƙunshin kakata ne ya dawo. Kuma ni na sa ta ɗaure shi, da “wata ɗaya ne, in ya yi yawa biyu”.

Mu fatake wannan ciwo ya fi kama mu. Na san masu shekara goma sha biyar a Jidda, ko Kwatano, ko Guwanzu, ko Alƙahira, har yau a kan katifar ƙasa suke kwana, wai ai ba zama suka zo yi ba. Kai kana fita kasuwa, kana ganin mutane, kana ciniki, ranarka tana wucewa. Matarka da yaranka fa? Su ne ke zaman jiran da kai ka yanke. Yaro ba ya da “in mun koma”. Shekararsa ta goma sha ɗaya guda ɗaya ce, in ta wuce a cikin ɗaki ta wuce ke nan. Malamanmu suna yawan kawo hadisin da ya yi umarni da a dasa dashen da ke hannu ko da ƙiyama ce za ta tsaya. Na sha jin sa a wa'azi, amma sai a lambun wanda ba Musulmi ba na gane da ni ake.

Kafin mu fito, autar ta ga 'ya'yan tsamiya sun zubo a ƙasa. Na hana ta ɗauka sai mun tambaya, don wurin na jama'a ne, ba a tsinkar komai. Wani ma'aikaci mai ban-ruwa ya tsinto mata guda biyu da hannunsa. Uwargida ta ce, “Ikon Allah! Tsamiyar da ke jibge a kasuwa, ubanki ma ya sha sayar da ita buhu-buhu.” Yarinyar ta ce ita wannan take so. Da muka koma ta jiƙa ƙwallayen, ta shuka a gwangwanin tumatir, ta ajiye a taga. Biyu suka tsiro. Kullum da safe sai ta auna su da yatsa ta faɗa mana. A makon nan uwargida ta kwance akwati, ta ce in kafa mata ƙusoshi. Ni kuma na je na nema wa yarinyar makaranta, abin da ya kamata in yi tun da wuri. Ba zan ce muku fure ya warkar da ita ba. Har yau in ta ji ƙara mai ƙarfi takan firgita. Amma daga ranar nan magana ta dawo.

Duk abin da na kashe, da kuɗin faluka da na ƙofa da na shayi, bai kai ribar buhu ɗaya na zoɓo ba. Motar da nake jira kuwa sai bayan kwana biyu ta iso.

Ga masu niyyar zuwa, ga 'yar shawara. Ku je da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin zafin Aswan da bazara yakan haura digiri 40. Ku je da hantsi ko bayan la'asar ta kusa, amma kada ku yi yamma sosai don ana rufewa. Ku gama ciniki da mai jirgi tun kuna tudu, zuwa da dawowa, kuma ku yanke inda zai ɗauke ku, domin akwai mashiga a kowane kai na tsibirin. Kuɗin ƙofa na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, saboda haka ku riƙe takardunku. Ku tafi da ruwa da ɗan abinci, ku kwashe sharar ku. Kuma don Allah a kashe waya.

Bayan an buɗe hanyar Sinja a ƙarshen 2024, Madani kuma ta dawo a Janairun 2025, muka tattaro muka dawo gida. Kaya da yawa mun bar su a can, amma gwangwani biyu a cinyar auta suka yi tafiyar nan, tun daga Aswan har Mai Wurno. Ɗaya ta mutu a hanya. Ɗayar tana tsakar gidanmu, an kewaye ta da ƙaya saboda awaki, yanzu ta kai mini ƙugu. Sai ta shekara bakwai ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Ko ina nan ko ba na nan, Allah masani.

Da na dawo sai na dubi garinmu da sabon ido. Ga ruwa kwance a bayan madatsar Sinnar, ga lambunan ayaba da mangwaro da gwaba a bakin kogi, amma kowanne da mai shi, kuma don kasuwa aka yi shi. Dogon yaron da muke sha wa inuwa a ƙofar gidajenmu shi ma baƙo ne daga Indiya, wani ne ya dasa bai san mu ba. Abin da ba mu da shi shi ne wurin da mace za ta ɗauki 'ya'yanta da yamma ta zauna, ba na kowa ba, na kowa da kowa. Na yi magana da wasu abokaina 'yan kasuwa, mun kai wa dattawan unguwa, muna neman ɗan fili ko da rabin fadan ne kusa da ruwa. Ba ma neman furannin Jamus. Lalle, ɗoɗɗoya, jahannamiya, lemun tsami, tsamiya biyu, da benci huɗu sun isa. Wasu sun ce mutane na fama da yunwa kuna zancen fure. Ban ce ba su da gaskiya ba, ciki ne gaba. Amma yaran da suka ga abin da suka gani a shekarun nan, tuwo kaɗai ba zai mayar musu da bakinsu ba. Na gani a gidana.

Saboda haka, ɗan uwana na Jamus, ga amsarka: ba mu da irin naku tukuna, amma muna da tsamiya ɗaya. Ka kyauta da ka kai iyalinka, Allah Ya yi maka albarka. Sauran 'yan uwa kuma, duk garin da kuke akwai wani lambu ko bakin ruwa da kuke wucewa kullum a kan hanyar sito. Ku zaɓi rana ɗaya a watan nan ku rufe ciniki ku kai su. In kun je ku rubuto mini abin da yaran suka ce, zan kawo wasu a wannan fili.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.